Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Koya Wa Yaran Daura Kalmomi Ta Hoto Da Murya

Kusan duk lokacin da muka haɗu a taron marubuta kuka ɗaya ne muke yi, wato yara ba su karatu. Wani ya ɗora laifin a kan tsadar takarda, wani a kan malamai, wani kuma ya ce ai wayar hannu ce ta raba yara da littafi. Abin da ba mu cika tsayawa mu duba ba shi ne, karatu ba daga littafi yake farawa ba. Yaron da aka kai aji ɗaya yana ɗan shekara shida ya riga ya zo da guzurinsa na kalmomi daga gida, kuma da wannan guzuri ne zai gane abin da baƙaƙe suke faɗa masa. In ya haɗa ba da ka da ce, ya ce "bakace", alhali bai taɓa jin kalmar ba, bai kuma taɓa ganin mace da faifai a hannu tana yi ba, to ya dai furta, amma bai san abin da ya faɗa ba.

A yau iyaye da yawa sun miƙa aikin tara wannan guzuri ga hoto mai motsi, kuma wasu na ɗaukar abin kamar jiya aka fara shi. Alhali kuwa an fi shekara tamanin ana gwada koyar da mutanenmu ta hoto da murya. Mun ga ya dace mu bi sawun wannan tarihi a ƙasar Daura, da yake tsohuwar masarauta ce mai Hausarta, kuma tana bakin iyaka, ta yadda in mun ɗaga kai za mu hango abin da maƙwabtanmu na Nijar suka gwada.

Kafin zuwan na'ura

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Daura ko Zango ko Ɓaure ko Sandamu ko Mai'aduwa kafin wutar lantarki ta kai gidansu, ya san inda ya fara tsintar kalmomi. A tsakar gida ne, bayan an ci tuwon dare. Tsohuwa ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa "Ta zo mu ji ta." Mu lura da wannan amsa, domin za mu yi ta komowa kanta. Tatsuniya ba ta farawa sai yaro ya buɗe baki. In an zo wurin waƙa shi ne ɗan amshi. In ya ji kalmar da bai sani ba sai ya katse ya yi tambaya, tsohuwa ta yi masa tsawa, sannan ta gaya masa. Kuma mai ba da labarin ba ta rasa hoto ba: tana maƙe murya ta yi tsamin bakin Gizo, tana bubbuɗa ido ta zama Dodo, tana nuna girman Botorami da hannuwa. Kacici-kacici kuwa jarrabawar kalmomi ce tsantsa, wanda ya kasa sai ya ba da gari.

Da gari ya waye ga makarantar allo. Can ma ido da kunne ne suke aiki tare. Malam ya biya, yaro ya maimaita yatsansa a kan allo, kuma malamanmu na dā sun laƙaba wa baƙaƙen Larabci sunaye na Hausa, irin su ba guje da mim jaye da ha kuri, don yaro ya riƙe siffar baƙi ta hanyar sunan da ya saba da shi a bakinsa. Sauran kalmomin kuma yaro a wurin aiki yake kwasarsu. Wanda ya bi uwarsa wajen turmi ya san bambancin sussuka da shiƙa da surfe da ribɗi da tankaɗe. Wanda aka ɗora a kafaɗa ya kalli hawan Sallah ko na Gani a ƙofar fadar Daura, kafin a watse ya ji ana cewa wancan akawal ne, wancan kili, wancan danda, ga lifidi, ga sulke, ga kwalkwali. Littafin nan na al'adun Hausawa da Ibrahim Madauci da Yahaya Isa da Bello Daura suka wallafa a Zariya a 1968 ya adana kaɗan daga irin wannan rayuwa, ga mai son dubawa.

Ba muna cewa zamanin ya fi kowane zamani ba ne. Yaron wancan lokaci bai san sunan teku ba, bai taɓa ganin jirgin ƙasa ko da a hoto ba, kuma abin da ba a ƙauyensu yake ba sai dai ya ji a bakin fatake. Wannan giɓi ne na'ura ta zo ta ce za ta cike.

Majigi da mai bayaninsa

Sarkin Daura Abdurrahman ya hau gadon sarauta a 1911, ya yi shekara 55 a kai, har zuwa 1966. A cikin zamaninsa ne majigi da rediyo suka iso.

Asalin majigi yana komawa ga wani Baturen duba-gari da ya yi aiki a Ikko, William Sellers, wanda tun wajen ƙarshen shekarun 1920 ya fara nuna wa mutane fim don yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai. Daga nan motocin majigi suka shiga zagaya larduna, har da Lardin Katsina, wanda aka haɗa Daura a cikinsa tun 1934. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Mota ta iso da rana, a gai da sarki ko hakimi, sanƙira ya zaga gari da shela, da almuru a kafa farin ƙyalle a fili, a ta da inji. Kalmar majigi kanta aro ce, daga sunan da Turawa suke kiran tsohuwar fitilar nuna hoto da shi, wato majik lantan. Ko bayan an rufe sashen na Landan a 1955, gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aikin da nata motocin, kuma har yanzu dattawa suna tuna Baban Larai, fim ɗin da aka yi don koyar da noman zamani.

Ba don yara aka yi majigi ba. An yi shi ne don magidanta, a koya musu tsabta da noma da biyayya ga hukuma. Amma wa ke zama a sahun gaba, a ƙasa, dab da ƙyalle? Yara ne. Su ne suke riga kowa zuwa, su ne kuma washegari suke kwaikwayon abin da suka gani a dandali.

A nan akwai abin da ya kamata marubuci ya tsaya a kansa. Da yawa daga finafinan farko ba su da murya, waɗanda suke da ita kuma da Turanci ne. Saboda haka kowace mota tana tafe da mai bayani, wanda zai riƙe lasifika ya faɗi abin da ake gani da Hausa. Sellers da mutanensa sun raina fahimtar baƙar fata ƙwarai, har suka kafa ƙa'idar cewa fim ɗin ɗan Afirka sai ya tafi a hankali, ba yawan yanke hoto, ba dabarar kyamara. Wannan raini tarihi ya riga ya ƙaryata shi, domin mutanen da aka ce ba za su gane fim ba su ne suka cika gidajen silima na Kano suna kallon finafinan Amurka da na Indiya. To amma a cikin tsarin nasu akwai abu ɗaya da suka dace da shi, ko da saninsu ko ba da saninsu ba: sun umarci mai bayani ya riƙa jefa wa taro tambaya, taro ya amsa baki ɗaya. Hoto ya nuna sauro a kan kwatami, mai bayani ya ambaci sunan ciwon da yake kawowa, ya tambaya, a amsa masa. Ashe dai tsarin tsohuwa mai tatsuniya ne aka ɗora wa inji. Kalmar da ta zauna a kan yaro a daren majigi daga bakin wannan mutum ta fito, Bahaushe ɗan'uwansa, ba daga ƙyalle ba. Abin takaici, littattafan tarihi sun riƙe sunayen Turawan da suka ɗauki hotunan, amma masu bayanin nan da wuya a ji an ambace su.

Rediyo ya shigo ɗaki

Rediyo ya fara ne da akwatunan da ake ja wa waya, irin waɗanda aka kafa a Kano a 1944. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, Gidan Rediyon Kaduna kuma a 1962. Amma abin da ya kai rediyo ƙauyukan Daura shi ne ƙaramin akwati mai batir, wanda manomi zai rataya a kafaɗa ya tafi gona da shi.

Ta fuskar kalmomi rediyo ya yi aiki babba, kuma ya yi ɓarna 'yar kaɗan. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta yi ta daidaita kalmomin mulki da na zamani, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana bugawa, amma rediyo ne ya sa su a kunnen wanda bai iya karatu ba. Yaro yana wasa kusa da ubansa sai ya tashi da majalisa da jamhuriya da ƙuri'a da kasafin kuɗi, tun bai san ma'anarsu ba. Ɓarnar kuwa ita ce, Hausar rediyo daidaitacciya ce, wadda aka gina a kan karin Kano. A hankali yaron Daura ya fara jin cewa yadda kakarsa take faɗin abu kamar ƙauyanci ne. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai ga kalmomi da aka yi wa alamar garuruwan da aka ji su, har da Daura. Zai yi kyau wani ɗan ƙungiyar nan daga Daura ya tsamo su ya karanta wa 'yan makarantar yau, ya ga guda nawa za su gane.

Gwamnatin Jihar Arewa ta kuma kafa sashen watsa darussa ga makarantu a Kaduna, daga baya a 1977 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar fasahar koyarwa ta ƙasa a garin. Galibin ƙarfin waɗannan darussa a kan Turanci ya tafi. Kuma darasin rediyo yana da sharuɗɗa masu wuyar cikawa a makarantar ƙauye: sai akwai akwati, sai akwai batir, sai lokacin shirin ya dace da na aji, sai kuma malami ya san abin da zai yi bayan an kashe akwatin. Inda malami ya tsaya ya sa yara suka maimaita, an amfana. Inda ya kunna ya fita shan iska, surutu kawai aka yi wa bango.

Ga yara ƙanana, abin da ya fi tasiri a wannan zamani waƙa ce. Allah ya jiƙan Malam Abdullahi Sani Makarantar Lungu na Kano, malamin makaranta wanda waƙoƙinsa na yara suka bi rediyo da talabijin suka shiga gidajen Arewa. Sirrinsu ba ɓoyayye ba ne: gajeru ne, da Hausa suke, kuma suna da amshi.

Mu leƙa ƙetaren iyaka

Daga Daura in aka bi ta Kwangwalam, tafiya kaɗan ce a shiga Jamhuriyar Nijar, a miƙe hanyar Damagaram. Mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne, kasuwa ɗaya suke ci a Mai'aduwa. To a wannan ƙasa ce aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi shahara a duniya kan koyar da ƙananan yara ta talabijin, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka san labarin.

A 1964, da taimakon Faransa, Nijar ta fara shirin talabijin na makaranta. Abin mamaki, a lokacin ƙasar ba ta ma da gidan talabijin na jama'a, 'yan firamare ne suka riga manya kallo. An fara da makarantu kimanin ashirin a kewayen Yamai, da yara wajen 800. Ana watsa darussa gajeru, kowanne bai wuce kusan minti goma sha biyar ba, da zane da 'yar tsana da wasan kwaikwayo. A kowane aji akwai mai kula, wanda shi kansa yawanci iyakar karatunsa firamare, aka ba shi horo na ɗan lokaci. Aikinsa shi ne da an gama darasi ya sa yara su yi magana a kan abin da suka gani, su kwaikwaya, su yi wasa da sababbin kalmomin. Baƙin da suka zo daga ƙasashe suka duba sun yaba da yadda yaran suka saki baki da Faransanci, da yadda ba su gudun makaranta.

Duk da haka shirin bai game ƙasa ba. Yana da tsada, ƙwararrun da ke shirya shi yawanci Faransawa ne, kuma ma'aikatar ilmi da tsofaffin malamai ba su taɓa ɗaukarsa nasu ba. Zuwa 1979 an rufe shi, kayan aikinsa suka zama harsashin gidan talabijin na ƙasa. Kuma a tuna, duk kalmomin da ya zuba wa yaran nan na Faransanci ne. Ɗan Bahaushe ko Bazabarme ya koma gida da kalmomin da uwarsa ba za ta iya amsa masa da su ba. Tun kafin a rufe shirin Nijar ta fara gwada wata hanya dabam: a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida, da Hausa, a Damagaram, maƙwabciyar Daura.

Talabijin, bidiyo da 'yan tsanan Amurka

Sarki Muhammadu Bashar ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, kuma zamaninsa ne na talabijin da bidiyo. A ciki aka yi shirin ilmin firamare kyauta na 1976, wanda ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda malamai za su iya ɗauka. A ciki aka fito da manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, wadda ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko. A ciki kuma aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Talabijin ta daɗe tana abin gidan masu hali, yaran unguwa suna leƙe ta taga. Abin da ake yi don yara bai da yawa. Shirin tatsuniyoyi na NTA da aka fara a 1984 da Turanci yake. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda NTA Kaduna ta mayar wasan kwaikwayo a shekarun 1980, ta ja yara da manya. Da finafinan bidiyo na Hausa suka ɓullo daga Kano a 1990, sai yara suka samu Hausa a akwati fiye da kowane lokaci a baya, sai dai Hausar soyayya ce da rikicin kishiyoyi. Mu marubuta muna da hannu a wannan, domin daga littattafanmu aka ɗebo labarai da yawa, kuma ba mu tuna da ɗan shekara huɗu da ke zaune a gaban akwatin ba.

A can Amurka kuwa, tun Nuwamban 1969 aka fara Sesame Street, shirin da Joan Ganz Cooney da Lloyd Morrisett suka kafa musamman don yaran talakawa da ba su kai shiga makaranta ba. Abin koyi a gare mu shi ne yadda suke rubuta shi. Marubuci ba ya zama shi kaɗai. Masana tarbiyyar yara ne suke ba shi jerin abin da ake so yaro ya koya, shi kuma ya nemo labari da raha. Kafin a watsa sai a gwada a gaban yara, a ajiye wani majigi a gefe yana sauya hotuna, a riƙa lura da lokacin da idon yaro ya bar shirin ya koma can. Wurin da yara suka kau da kai, a sake rubuta shi. Wani bincike da Mabel Rice da abokan aikinta suka buga a 1990 ya nuna cewa yara 'yan shekara uku zuwa biyar da suke yawan kallon shirin sun ƙaru da kalmomi.

Nijeriya ta samu nata reshen, Sesame Square, a NTA a watan Mayun 2011, da tallafin Amurka. Taurarinsa 'yan tsana biyu ne, Kami da Zobi, shi Zobi ba abin da yake so kamar doya. Shiri ne mai kyau, amma da Turanci aka fara shi, kuma yaron Ɓaure da ya tashi a kan fura da tuwon gero sai ya yi tafiya biyu kafin ya isa ga darasin, ta harshe da ta al'ada. Masu shirin sun gane haka, daga baya suka fito da na Hausa, Dandalin Sesame. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ita ma ta kawo zane mai motsi na kamfanin Ubongo na Tanzaniya, irin su Akili, da aka juya zuwa Hausa. A gaishe su. Amma juyi juyi ne: an zana hoton don wata kalma, aka zo aka ɗora masa wata.

Abin da bincike ya gano

Masana sun daɗe suna tambayar da iyayenmu suke yi, shin jariri yana koyon magana daga akwati? A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta ɗauki jarirai 'yan wata tara na gidajen masu jin Turanci, ta sa wasu suka yi zama goma sha biyu da mutane masu yi musu wasa da Sinanci, wasu kuma aka nuna musu mutanen nan dai a bidiyo suna faɗin abu ɗaya. Waɗanda suka zauna da mutum sun iya bambance sautukan Sinanci. Na bidiyo kuwa kamar ba su taɓa ji ba. A 2010 Judy DeLoache ta Jami'ar Virginia ta gwada wani faifan koyar da kalmomi da ake rububinsa a kasuwa, a kan yara 'yan wata 12 zuwa 18, har wata guda. Waɗanda suka kalla ba su fi waɗanda ba su kalla ba. Waɗanda suka fi kowa su ne waɗanda iyayensu suka koya musu kalmomin da baki, ba faifai. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon kallo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Daga shekara uku abin yana sauyawa, yaro yana iya ɗaukar kalma daga hoto, in an yi shirin dominsa, cikin harshen da yake ji, an maimaita kalmar, kuma an samu babba a kusa da zai tanka masa. Abin da mai bayanin majigi ya yi ke nan, abin da mai kula da aji a Nijar ya yi ke nan.

Zamanin waya

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, Sarki Umar Faruk Umar ya hau a 2007, kuma a zamaninsa ne majigi ya ƙanƙance ya koma tafin hannu. Yanzu uwa tana girki sai ta miƙa wa ɗan shekara biyu waya don ya yi shiru. Ba mai bayani, ba ɗan amshi. Kwanakin baya mun sauka a gidan wani abokinmu a Daura, aka kira mana 'yarsa 'yar shekara huɗu ta nuna gwaninta. Ta jero launuka da Turanci tiryan-tiryan, har da karin waƙar da ta koya a waya, kowa yana tafi. Da muka nuna mata rigar kakanta muka ce wane launi ne wannan da Hausa, sai ta dubi uwarta. Ba ta san shuɗi ba. Ba laifinta ba ne, ba kuma laifin Turanci ba ne. Wani ne a wata ƙasa ya zauna ya rubuta mata waccan waƙa, ya zana, ya gwada, mu kuwa ba mu rubuta mata komai ba.

An yi ƙoƙari a makarantu. Daga 2015 shirin RANA, wanda UNICEF ta tsaya wa da kuɗin Ingila, ya shiga makarantun firamare na Katsina da Zamfara da littattafan koyon karatu na Hausa, har da labarai da malami zai karanta wa yara a bayyane ya yi musu tambayoyi. Da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, jihohin Arewa da dama suka koma ga tsohon abokinsu rediyo don ba da darasi, aka kuma sake cin karo da tsohuwar matsala: yaron da ke da yaya ko uwa a gefensa ya bi darasi, wanda ba shi da kowa ya tafi wasa.

Sai kuma ga maganar manufa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa har ƙarshen firamare. A Nuwamban 2025 ta janye, ta ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga farko. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, amma sakamakonsa ga aikinmu a fili yake. In aji ya rage ba Hausa wuri, tsakar gida kuma waya ta cinye ta, to Hausar da yaro zai tara kafin shekara shida ta dogara ƙwarai a kan abin da ke cikin wayar nan. Yaron da ya tashi da Hausar cefane da gaisuwa kawai ba zai zo ya karanta Tauraruwar Hamada ta Sa'idu Ahmed Daura ya ji daɗinta ba, balle littattafan da muke ta fama mu buga yau. Masu karatunmu na shekara goma sha biyar masu zuwa su ne waɗannan da ke riƙe da wayoyin iyayensu.

Kayan aikin ba su gagare mu ba. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya fito da Tatsuniyoyi da Wasanni littafi shida a farkon shekarun 1970, don 'yan makaranta. Matasa masu iya zane da haɗa bidiyo a waya suna nan a kowace unguwa. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mai rubuta shirin minti biyar na ɗan shekara huɗu, domin da yawanmu muna ganin rubutun yara ƙaramin aiki ne, alhali ya fi rubuta labarin soyayya mai juzu'i uku wuya. Dole marubuci ya zaɓi kalmomi kaɗan, shida ko bakwai, ya san dalilin zaɓen kowace, ya sa ta fito sau da yawa ba tare da ta gundura ba, ya tabbata ana ganin abin a daidai lokacin da ake ambatonsa.

A ɗauki rijiyar Kusugu, wadda kowane yaro a Daura ya san hanyarta. A labarin Bayajida da macijiya akwai guga da igiya da tulu da gammo da takobi da kube, ga kuma takalmin da baƙo ya bari a bakin rijiya. Tsohuwa Ayana ta ce wa baƙo ba a samun ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya karɓi guga ya nufi rijiya cikin dare. A nan mai rubutu zai sa hoto ya tsaya a kan abin da ke hannun baƙon, murya ta tambayi mai kallo mene ne wannan, sannan ya rubuta a takardarsa cewa a yi shiru na daƙiƙa uku kafin a ci gaba.